Zaman Zinatu a Bakin Ƙofa

Tungar Ɗantani, ƙasar Bukkuyum
Farkon Satumba

Gwaggo Saraya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da 'yan'uwa na ikilisiyar Gummi. Yaya gwiwar? Ni lafiyata ƙalau, ban da zazzaɓi da ya ɗan taɓa ni ya sake ni. Bilhatu ce, 'yar Irimiya na Jos, wanda kakanku ɗaya da shi. Na san muryata kika sani a waya, ba rubutuna ba. Tun da aka yanke layukan waya a jihar nan ban ji muryar kowa nawa ba, sai Bello direba ya ce yana shiga Gummi, zai kai miki takarda har gida.

Gwaggo, na gaji. Ba zan iya rubuta wa Baba haka ba, don cewa zai yi dama ya faɗa. Shekara uku ke nan da mishan ta ajiye ni a wannan ɗakin magani. Aikin kin san shi: dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje yana da gubar dalma, ƙurarsa ta shiga jinin yara. Ina gwada jininsu, wanda gubar ta yi wa yawa in tura shi asibitin Anka tare da uwarsa, don uwa ce ke jinya. Ranar da na zo, mai gari da liman Malam Mahmuda sun karɓe ni hannu biyu, suka ce sharaɗi ɗaya ne, ban da wa'azi. Na ce na yarda, amma wanda ya tambaye ni da bakinsa zan ba shi amsa. Malam ya yi murmushi ya ce wannan kam babu laifi. Ashe ya san abin da ya sa shi murmushi. Har yau ko mutum ɗaya bai tambaye ni ba. Ranar Lahadi ni ce mai waƙa, ni ce mai addu'a, ni ce mai cewa amin.

Yanzu kuma ofishin mishan sun aiko cewa in haɗa kayana, da an gama girbi mota za ta zo, saboda 'yan bindiga. Abin da nake lallashin kaina da shi ɗaya ne: babu yaron garin nan da ban gwada ba. Gida-gida na bi, kowace uwa na ce ta fito mini da 'ya'yanta, kuma sun fito da su. Amma ina tambayar Ubangiji, in don wannan ne kawai, ai ko wace malamar asibiti za ta yi. Me ya sa ya hana ni barci a Jos sai da na bar aikina na taho?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wata mata, Zinatu, matar Surajo da ke can ramin zinari, sai ya yi wata bai leƙo gida ba. Tana da goyo, Sahura, na gwada ta, jininta lafiya. To kwanan nan kullum bayan la'asar, in mutane sun watse, sai ga Zinatu. Ba ta shigowa. A bakin ƙofa take zama, a ƙasa, daidai lokacin da nake karatun Maganar Allah. Sai ta zuba mini ido. In na ɗago na ce, "Zinatu, lafiya?" sai ta ce, "Lafiya lau, Malama." Na sha ganin ta buɗe baki ta sake rufewa. Jiya hawaye na gani a idonta, ta goge da bakin mayafi ta ce hayaƙin murhu ne, alhali babu wuta a kusa.

Ina tsoron in faɗi abin da zuciyata ke raya mini. Ke kin yi zaman bishara a ƙauyukan nan tare da marigayi mijinki Baba Dogara tun ba a haife ni ba. Ki gaya mini, haka yake farawa? In tambaye ta kai tsaye, ko in bi ta gida? Lokaci ya ƙure mini.

Taki,
Bilhatu

*

Gummi
Satumba

Ɗiyata Bilhatu,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Takardarki ta iso, na gode wa Allah da zazzaɓin ya sake ki. Gwiwa tana nan, ita da ni mun saba, kowa ya san halin ɗan'uwansa. Shekara uku kina nan kusa da ni, ba ki taɓa taka ƙafa kin zo kin ga tsohuwa ba, sai da gwamnati ta ƙwace miki waya kika tuna kina da gwaggo. To na gode wa gwamnati. Rubutunki kuwa sai da na nemo tabarau biyu, kamar kaji sun yi tono.

Bari in fara da faɗa. Mi ne ne wanga zancen na "ko wace malamar asibiti za ta yi"? To ina suke? Ke kaɗai na ji an ce tana Tungar Ɗantani. Dogara ya yi rayuwarsa duka yana gina rijiya, yana wanke gyambo, yana kai masu naƙuda asibiti a bayan keke. Ranar da muka binne shi, waɗanda suka karɓi bangaskiya ta hannunsa ba su cika benci ɗaya ba. Masu kuka kuwa, Musulmin gari, har bakin titi. Ban ce miki bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai, ni ma ya dame ni, har yau yana damuna.

Shi ya sa da na zo kan labarin wagga mata, sai da na ajiye takardar na yi kuka. Awo, ɗiyata, haka yake farawa. Zama, da kallo, da buɗe baki a rufe. Na ga irinsa.

Amma ki ji ni da kyau, don na san halin gidanku, gaggawa kamar ubanki. Kada ki tambaye ta komi. Kada ki bi ta gida, za ki jawo mata idon dangin miji, ki jawo wa kanki. Dogara ya taɓa samun wani mutum mai irin wanga zama. Farin ciki ya ɗebe shi, ya tsare shi da tambaya, mi ke zuciyarka, mi kake nema. Mutumin ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Daga ranar Dogara ya ce shi ba ya ƙara riga Ruhu Mai Tsarki magana. Ki shimfiɗa mata tabarma, ki ba ta ruwa, ki ci gaba da karatunki. In ta yi shiru ki yi shiru. Ranar da abin ya nuna, da kanta za ta buɗe baki.

Ga daddawa da kuka na ba Bello. Ki duba ƙullin, in ya ragu ki gaya mini, na san inda uwarsa take. Ki ci abinci. Ina yi muku addu'a ke da ita safe da yamma.

Gwaggonki,
Saraya Dogara

*

Tungar Ɗantani
Oktoba

Gwaggo,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Na ga saƙo, ƙulli bai ragu ba, Allah ya saka. Ina lafiya a jiki. Gari kam babu daɗi. An hana kasuwa ci, an hana babur, an faɗa wa wani ƙauye gabas da mu, mutanensu na kwance a makarantar firamare. Gero ya nuna amma mutane na tsoron gonakin nesa.

Na bi maganarki sau da ƙafa. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye ruwa, na kame bakina. Makonni tana zuwa. Ta rame, har ƙashin wuyanta ya fito. Wani lokaci shirun kan yi mini nauyi har in ji kamar in yi ihu, sai in tuna mutumin Baba Dogara in haɗiye. Na yi azumi a kanta.

Ranar Talata ta yi magana. Ina cikin karatu na ji ta ce, "Malama, in tambaye ki?" Gwaggo, gabana ya faɗi. Na rufe littafin na ce, "Tambayi duk abin da kike so."

Ta ce, "Akwai wani yaro can Mashaya, gidan tsohuwa." Tsohuwa ita ce Inna Saudatu, uwar mijinta, da ke zaune a wani ɗan ƙauye ƙetaren gulbi. Ta ce, "Ba shi cin abinci. Shina riƙe da ciki, shina amai. An ce jiya ya yi jijjiga. Ko da wani magani da za ki ba ni in aika?"

Ba zan ɓoye miki ba, ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Wannan ne? Duk zaman nan, duk azumin nan, ashe ƙwayar magani ce ta ɗan wani? Raina ya ɓaci, kuma na san ya fito a muryata. Na ce mata ba a ba da magani sai an ga yaro. Na ce, "Ɗan wa ne?" Ta ce, "Na tsohuwa ne." Na ce, "Tsohuwa ta wuce haihuwa. Ina uwarsa?" Ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da tsinke, can ta ce, "Tana nan." Na ce, "To ki ce wa uwarsa ta ɗauko shi ta kawo mini, in ta kama a tafi Anka su tafi tare. Uwar da ɗanta ke jijjiga ba aike take yi ba."

Ta jefar da tsinken. Sannan ta miƙe ta gyara goyonta ta ce, "To, Malama. Na gode." Tun ranar ba ta sake zuwa ba, uwar yaron ma ba ta zo ba. Mashaya ba ta cikin garuruwan da aka ba ni, kuma mai gari ya hana ni ƙetare gulbi tun da aka fara ganin baƙin fuska a can. Na ji ana cewa tun da aka hana niƙan dutse a cikin gari, can suka mayar da injinan a ɓoye. In haka ne ban san me uwar nan take jira ba.

Na ji kunyar kaina, Gwaggo. Na gina gida a kan zaman mace a bakin ƙofa. Yanzu in na durƙusa ban san me zan ce ba. Ina ga ba kira na ji a Jos ba, zuciyata ce kawai ta yi mini surutu. Na fara ɗaure kwalaye. Ki daina wahalar da gwiwarki a kan wannan addu'ar.

Bilhatu

*

Gummi
Oktoba

Bilhatu,

Gaisuwa ta jira. Duk abin da ke hannunki ki ajiye. Zinatu ita ce uwar yaron. Ɗanta ne na fari.

Ke ba ki sani ba, kuma ba laifinki ba ne, ubanki ya bar ƙasar nan yana yaro, ya raine ku a bariki. A nan mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta cewa nawa ne. Ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Da an yaye shi kaka ke ɗauka, ya zama na tsohuwa. In ya kwanta ciwo, kaka ke da magana, ita ke cewa a yi hayaƙi ko a kai asibiti. Uwar da ta tsallake uwar miji ta saɓi ɗan fari ta nufi asibiti, har ta mutu ana nuna ta da baki, mara kunya. Kada ki ce abin Musulmi ne. Ni da aka yi wa baftisma tun ina budurwa, nawa na fari ya yi furfura, har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Wagga yarinya ba ta da miji a gida da zai yi magana. Ta rasa wanda za ta gaya wa, sai ta zo ta zauna a ƙofar baƙuwa, ko baƙuwa za ta yi rashin ta-ido ta tambaye ta. Ni kuma na ce ki kame bakinki. Ni da na san wanga abu tun ina goye. Na karanta takardarki ta farko, abin da nake kwaɗayi shi na gani, ban ko tambaye ki shekararta nawa da aure ba. Allah ya gafarta mini.

Ga abin da za ki yi. Kada ki tahi wurinta ki ce "ɗanki", za ta musanta, ki ƙara ɗaure ta. Ki tahi wurin Malam Mahmuda. Ki ce mai an gaya miki akwai yaro mai jijjiga gidan Saudatu. Shi ya aika, ko ya ƙetare da kansa, tsohuwa ba ta ƙin maganar liman. Kuma wagga dokar taku ta sai uwa ke jinya, ki jefar da ita gulbi. Kaka ta bi shi Anka.

Saura ɗaya, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Kin ce babu yaron da ba ki gwada ba. Uwaye kika tambaya. Sun fito miki da 'ya'yansu, gaskiya ne, waɗanda bakinsu ke iya cewa nasu ne. Ki koma ki tambayi kakanni.

Bello zai tashi da sassafe. Ki ba shi amsa ko layi ɗaya ne.

Saraya

*

Gummi
Ƙarshen Oktoba

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Na jira amsa har na gaji, na ja gwiwa na tahi tasha. Na iske Bello zaune a inuwa yana cin gyaɗa. Ashe tun ranar bai tashi ba, an tare hanya an kwashe mutanen mota biyu, direbobi suka ajiye makulli. Takardata na nan cikin aljihun mota, ta yi laushi don zafi. Na zage shi tas gaban mutane, alhali ba shi da laifi, shi ma uban 'ya'ya ne. Sai da na dawo gida na aika a ba shi haƙuri.

Na bi tasha ina roƙo kamar mahaukaciya. Na samu wani mai jaki, mutumin wajenku, da zai bi ta daji. Na haɗa mai takardun biyu, ya ce in Allah ya yarda zai sa a hannunki. Ban san shi ba, ban san ranar da zai iso ba.

Ba ni iya cin abinci. In na rufe ido sai in ga yarinyar zaune tana tonon ƙasa. Ina roƙon Ubangiji ya sa ke da kanki kin gane, ko wata ta raɗa miki. Ki fara karanta waccan.

Gwaggonki

*

Tungar Ɗantani
Nuwamba

Gwaggo Saraya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ko da yake sunan ya yi mini nauyi a baki kwanakin nan. Ina fatan kin fara cin abinci. Mai jaki ya cika alkawari, takardunki biyu sun iso hannuna. Sun tarar an riga an binne yaron. Sunansa Faruku, bai kai shekara biyar ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don ba ni da wanda zan gaya wa. Da labarin rasuwar ya zo, matan gari suka shirya zuwa gaisuwa Mashaya. Mai gari ya ce tun da a taro ne, in bi su. Muka shiga kwalekwale. A lokacin ban san komai ba, abin da ke cikina haushi ne kawai, ga yaro an bar shi ya mutu alhali na ce a kawo shi. Gidan Inna Saudatu kuwa, injin niƙan dutse na jingine da katangarta. Ƙura fara ta kwanta a kan randa, a kan turmi, a kan tabarmar da muka zauna.

Tsohuwa na tsakiyar mata tana kuka, ana ba ta haƙuri. Ta ce ta yi hayaƙi, ta yi rubutu, ta yi duk abin da ta sani. Zinatu kuma na ta kai da kawowa, tana raba ruwa a kwanon sha, fuskarta a bushe. Babu wanda ya yi mata gaisuwa. Na yi wa tsohuwa ta'aziyya yadda ya kamata. Da na tsaya a nan da ya isa. Amma da Zinatu ta durƙusa ta miƙo mini ruwa, sai na ce mata, da ƙarfi, gaban kowa, "Zinatu, kin kuwa isar da saƙona? Wace ce uwar yaron nan a cikinsu? Ina so in ga idonta."

Gidan ya yi tsit. Har tsohuwa ta daina kuka. Zinatu ba ta ɗago ba, ta ce, "Ga ruwa, Malama." Na karɓa na sha. A kwalekwale da muke dawowa babu wadda ta yi mini magana, na ɗauka nauyin mutuwa ne. Ana nan sai ga mai jaki.

Na karanta a tsaye. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Na je wurin Malam Mahmuda kamar yadda kika ce, ko da yake wanda kika aike ni dominsa ya riga ya tafi. Na gaya masa komai. Ya yi salati, ya ce shi ma bai taɓa kawo wa ransa cewa ban sani ba, don abin da kowa ya sani ba a faɗinsa. Bayan sallar Juma'a ya yi sanarwa, duk tsohuwar da ke riƙon jika ta kawo shi, na gari da na ƙetare. Gwaggo, sun cika tabarma biyu. Yaran da ban taɓa sa wa ido ba, ni da nake bugun ƙirji. Da yawansu jinin ya ɓaci. Akwai wata yarinya da ba ta ji, ba ta magana, kakarta ta ce da can har waƙa take yi. Waɗanda suka fi tsanani Malam ya samo musu motar da ke bin rakiyar sojoji, sun tafi Anka da kakanninsu. Na san za ki ce in dubi wannan in gode. Na duba. Da na yi tambaya ɗaya shekara uku da suka wuce, da yarinyar nan tana waƙarta.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke shawara kika bayar daga nesa. Ni ce nake zaune taku biyu da ita. Na zo ne in yi wa mutane hidima, ga mace ta kawo mini ɗanta a cikin idonta kullum, ni kuwa ina leƙen ko na samu abin rubuta wa ofis. Motar mishan za ta zo makon gobe. Na roƙi a ƙara mini lokaci, sun ce a'a. Ban ma san ko ina da bakin roƙo ba.

Jiya da hantsi na hango ta ita kaɗai a rijiyar bayan gari. Na je. Na durƙusa a gabanta cikin caɓin, na ce, "Zinatu, ki gafarce ni. Ban san naki ne ba." Ta waiga hagu da dama, ta ce, "Na tsohuwa ne, Malama. Tashi, kada a gan ki." Na tashi. Ta ci gaba da jan guga har tulun ya cika, ni kuma ina tsaye kamar gunki.

Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An aiko mini ranar da ciwon ya tsananta, na tahi. Amma ban shiga ɗakin ba, mutane sun cika. Ina waje ina tankaɗe." Ta naɗe igiyar guga. Ta ce, "Ke kin san wanga ciwo. Shina da zafi?"

Gwaggo, na san ciwon. Na san yadda yake murɗa ciki, na san yadda kai ke sarawa har yaro ya riƙa buga shi da bango, na san kwanaki nawa yake ɗauka. Na yi shekara uku ina roƙon Allah ya aiko mini wanda zai tambaye ni, na yi masa alkawarin ba zan faɗi komai ba sai gaskiya.

Na ce mata, "Babu zafi. Barci ne kawai yake ɗaukarsu."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta ce in taya ta, na kama mata tulun ta ɗora a ka, ta tafi.

Bilhatu